Bridge ko Britten: Sonatar Malami da ta Ɗalibinsa

Frank Bridge ne ya koyar da Benjamin Britten tsara kiɗa tun yana yaro, kuma kowannensu ya bar sonata ta celo da fiyano, wato tsararren kiɗa mai kashi-kashi. Celo dai wani babban goge ne mai tsirkiya huɗu, a zaune ake kaɗa shi, an riƙe shi tsakanin gwiwoyi.

Ta Bridge ta ɗauke shi daga 1913 zuwa 1917, yaƙin duniya na ɗaya ya rutsa da ita. Kashi biyu ce kacal. Celon na jan murya doguwa, fiyano na malala a ƙarƙashinsa, a kashi na biyu sai damuwa ta shigo.

Ta Britten kuwa, ta 1961, gajerun kashi biyar ce. Ya rubuta wa Rostropovich, makaɗin celo ɗan Rasha, suka fara kaɗa ta tare a bikin kiɗa na Aldeburgh a Ingila, Britten yana kan fiyano. Farkonta kamar mutum biyu masu jin nauyin juna, kowa na cije magana. A kashi na biyu makaɗin ya ajiye sandar gogawa, yana fizgar tsirkiya da yatsu zalla. Gwaninta kam akwai, sai dai ba ta saurin shiga kunne.

Ni idan dare ya tsala, Bridge nake kunnawa. Britten sai ranar da na samu natsuwa.