Zama takwas a ɗakin zane bayan rasuwar Inna

Wata shida bayan rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace mini. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce a yi haƙuri, in amsa, a shafa fatiha a tashi, abin kuwa yana nan tokare a ƙirji. Likitar da ke duba hawan jinina ce ta tura ni wurin wata ƙwararriya a nan Kaduna, mai kula da masu damuwa ta hanyar zane. Don kada a ce na ƙi ne kawai na je.

Tun ranar farko na gaya mata ban iya zane ba, kuma ba na zana abu mai rai. Ta ce, "Hajiya, ba makaranta kika zo ba, babu mai ba ki maki." Ta ajiye mini takarda da fenti da curin yumɓu. Makonni biyu ban yi komai ba sai zanen lalle da dagin Arewa, ina ta lissafin kuɗina a zuci. Ita ta ba ni labarin Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila da ya raɗa wa wannan hanya suna a 1942, bayan ya ga amfanin zane a kansa lokacin da yake jinyar tarin fuka.

A zama na uku ne hannuna ya riga bakina. Na shafa baƙin fenti mai kusurwa huɗu a tsakiyar takarda, na yi ta maimaitawa har ta huje. Ba ta fassara mini ba, kuma wannan ne ya fi burge ni da ita. Tambaya ɗaya ta yi: "In kika tsaya a gabansa, me kike gani?" Ƙofar ɗakin asibiti ce. Na fita sayo magani, kafin in dawo Inna ta cika. Ko maigidana ban taɓa gaya wa cewa wannan fitar ce ke cin raina ba. Da abin ya sauka a kan takarda, sai na iya kallonsa daga nesa, in nuna shi da yatsa, in yi magana a kansa.

Akwai abin da bai yi mini ba. Kuɗin zaman awa ɗaya ya kai cefanen kwana uku, talaka ba zai jure ba. Zaman rukuni kuma sau ɗaya na shiga, na tarar da wata 'yar unguwarmu, na kama bakina har aka tashi.

Barci ya dawo, amma ba kullum ba, kuma maganin hawan jini ina nan ina sha. Takardar nan mai huji tana cikin akwatina, ƙarƙashin atamfar Inna. Makon jiya na ciro ta na nuna wa ƙanwata.