Oxford ko Thesaurus: amsa ga mai tambaya a kan kalmar hoard

Ƙanena, tunda kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, kuma kalmar hoard ce da 'yan'uwanta suka ɗaure maka kai, sayi ƙamus ɗin Turanci na Oxford Advanced Learner's ka bar Thesaurus, wato littafin da ke jera kalmomi masu kusancin ma'ana, a kantar mai shago. Duka biyun ina da su. Oxford ɗin bangonsa ya ɓalle har na manne shi da salatif, ɗayan kuwa har yau tas yake, don ba na buɗe shi sai in yara sun nemi abin danne takarda.

Ka gwada su da hoard ɗin ma kawai. Thesaurus zai jero maka stockpile, stash, amass, accumulate, store a layi ɗaya, sai ka ɗauka duk kanwar ja ce. Ba zai gaya maka wacce ce ke ɗauke da zargi ba, alhali a nan aikin yake. Hoard tara abu ne fiye da buƙata a ɓoye shi, don rowa ko tsoro ko jiran farashi ya tashi. In a kasuwa ne, shi ne abin da malamai ke kira ihtikari. A watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, hoarding jaridun Turanci suka yi ta rubutawa. A wannan watan ne kuma gwamnatin tarayya ta sanar da fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta, kuma irin wannan ajiyar ita ake ce wa stockpile ko reserve. Hatsin ɗaya ne, buhunan ma ɗaya ne, niyyar ce ta raba su. Stockpile tanadi ne da aka yi da shiri saboda wata rana, kamar hatsin da Annabi Yusuf (AS) ya sa aka adana a shekaru bakwai na yalwa. Babu mai hankalin da zai kira wannan hoarding. Ka dai lura cewa stockpile ba kullum take nufin abin alheri ba, da ita ake kiran tarin makaman nukiliya na Amurka da Rasha. Girman abin da tsarinsa take nunawa, ba ta yabo ba ta zagi.

Sauran ba su da wahala. Stash ɓoye abu ne a wurin da ba wanda ya sani, kamar kuɗi a ƙarƙashin katifa, kuma kalmar hira ce, kada ka saka ta a wasiƙar ofis. Amass ta fi tafiya da dukiya. Accumulate taruwa ce a hankali, har ƙura da bashi suna yinta da kansu ba tare da wani ya tara su ba. Store kuwa ajiya ce kawai, ba ruwanta da kowa.

Abin da ya sa Oxford ɗina ya shiga raina, sakataren wata ƙungiyar manoma a garinmu ne ya taɓa kawo mini wasiƙar neman rance in duba masa. Bayin Allah so suke su sayi masara da kaka su ajiye, su raba wa 'yan ƙungiya da bazara. Yaron ya ga kalmar store ta yi masa ƙanƙanta, sai ya nemo babba a Thesaurus, ya rubuta cewa suna neman kuɗi ne domin su yi hoarding ɗin masara. Da bakinsu za su je su shaida wa banki cewa su masu ɓoye abinci ne! Ban yi gardama da shi ba, na buɗe masa shafin na ce ya karanta ma'anar da jimlar misali da ke ƙarƙashinta. Ya karanta, ya yi shiru, sai ya fashe da dariya ya mayar da store ɗinsa.

Dalilin bambancin yana cikin asalin littattafan. A. S. Hornby malamin Turanci ne a Japan, kuma don waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne ya haɗa ƙamus ɗinsa, wanda ya fara fitowa can a 1942 kafin Oxford ta buga shi a 1948. Shi ya sa kalmomin suke zuwa da yadda ake furta su, da yawa da jimlar misali, wasu har da alamar ko na hira ne ko na rubutu. Shi kuwa Thesaurus, wani likita ɗan Ingila mai suna Peter Mark Roget ne ya fito da na farko a 1852, kuma wanda ya riga ya iya Turanci kalma ta kuɓuce masa a baki shi yake yi wa amfani. Ba zan ce ba shi da rana ba. In ka ƙware nan gaba zai taimaka maka, amma ba yanzu ba.

Tunda JAMB ce a gabanka, ga wasu tarkuna biyu da ƙamus kaɗai zai nuna maka. Akwai horde, wadda furucinta daidai yake da hoard amma tana nufin gungun mutane. Sannan a Turancin Ingila hoarding tana kuma nufin babban allon talla na bakin titi. Tambayoyin neman kalma mafi kusa da ma'ana a irin waɗannan wurare suke kayar da yara.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da na jabu, don sun cika kasuwa. Kada ka yarda a ba ka littafi a naɗe cikin leda a ce ba a buɗewa sai an biya. Ka buɗe shi a gaban mai shagon. Na jabu takardarsa shara-shara ce, rubutun baya yana leƙowa ta gaba, tawadar ta caɓe, wani lokaci ma shafuka da yawa babu su ko an maimaita su, don haka ka bi lambobin shafi a wurare daban-daban. Wasu kuma tsohon bugu suke yi wa sabon bango, shi ya sa za ka duba shafin ciki inda aka rubuta shekara. Bugu na 10 a 2020 ya fito. In ka ga farashin ya faɗi ƙasa sosai, ajiye ka ƙara gaba, gara tsohon bugu na gaske na hannu da sabo na jabu. Masu cewa ka turo kuɗi su aiko maka da ƙamus ta WhatsApp kuwa kada ka kula su, a shafin Oxford na masu koyo a intanet kyauta ake duba ma'ana, har ka ji yadda ake furta kalmar. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.