Manhajar haddar kanji ta koya mini dabara, sannan ta zubar da aikina

Na biya kuɗin shekara guda na wata manhajar koyon kanji ne, wato haruffan rubutun Japananci da aka aro daga Sinanci, saboda na gaji da rubuta harafi ɗaya har hannu ya ƙage, sannan bayan 'yan kwanaki in gan shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Jerin da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 yana ɗauke da haruffa 2,136 na amfanin yau da kullum, kuma ɗan firamare a can yana koyon 1,026 daga cikinsu a shekaru shida. Mai aiki da iyali ba shi da wannan sarari, shi ya sa alkawarin manhajar ya ja hankalina: za ta farfasa kowane harafi zuwa ƙananan sassa, ta ƙulla ɗan labari da zai riƙe ma'anarsa, sannan ta riƙa dawo da shi gabanka daidai lokacin da ka kusa mantawa.

Ta fuskar ma'ana, ban taɓa zaton abin zai yi aiki haka ba. Harafin 休 mutum ne jingine da bishiya, ma'anarsa hutawa, 明 kuwa rana ce da wata a haɗe, ma'anarsa haske. Inda na fi jin daɗi shi ne haruffan da a da suke cakuɗe mini, irin su 聞 da 問 da 間, waɗanda duk ƙofa ɗaya ce ta kewaye su, sai dai a na farko kunne ne a bakin ƙofar yana saurare, a na biyu baki ne yana tambaya, a na uku kuma rana ce take leƙowa ta tsakani. Tun daga ranar da na kalle su haka ban sake rikita su ba.

Matsalar ta fara ne daga furuci. Yawancin haruffan suna da karatu iri biyu aƙalla, wanda aka aro daga Sinanci da kuma na asalin Japananci, wasu kamar 生 ma karatunsu ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Labaran da manhajar ta tanada don furuci an gina su ne kan wasan kalmomin Turanci da sunayen mutanen da ban san su ba, har ya zama sai na haddace labarin kafin ya taimake ni haddace harafin. Da na ga haka sai na koma ga gurbin da aka bari na rubuta bayanin kai, na fara ƙirƙirar nawa da Hausa, kuma a nan ne na ga abin mamaki, domin sautin Japananci ya fi kusa da bakinmu fiye da na Bature. Kare, 犬, ana kiransa inu, sai na kwantar da shi a inuwa. Fure, 花, hana ne, ga shi an hana tsinkarsa. Safiya, 朝, asa ce, kuma asuba tana kusa, tsauni kuwa, 山, yama ne, na ajiye shi yamma da gari. Wata da watanni ina tara irin waɗannan, wasu a cikin mota, wasu bayan sallar isha'i, kuma da a lokacin aka tambaye ni da na ce kowa ya saya ba tare da wani tunani ba.

Sai aka wayi gari sun sabunta manhajar. Na buɗe na tarar da sabon launi da sababbin maɓallai, amma gurbin bayanin kai fayau, babu ko kalma ɗaya. Ba a yi mana gargaɗi ba, kuma tun farko babu wata hanyar da mutum zai sauke bayanansa ya adana a wayarsa. Na rubuta musu cikin ladabi, aka turo mini amsar da ake tura wa kowa, wai in fita in sake shiga. Na sake rubutawa na bayyana cewa abin da ya ɓace aikin hannuna ne, ba nasu ba, sai aka yi shiru na tsawon lokaci. Daga baya wani kaso ya dawo, amma duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ya koma ɗan akwati maras komai, sauran kuma har yau babu labari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kamfanin da sana'arsa ita ce nuna dubban haruffan waje bai kamata ya kasa riƙe haruffa uku na mai biyansa kuɗi ba.

Wannan ɓacin rai ne ya sa na fara ganin wasu abubuwan da a da nake kau da kai. Manhajar ba ta taɓa sa ka rubuta harafi da hannu, don haka ina gane 未 da 末 idan na gan su, amma idan aka miƙo mini alƙalami sai in tsaya ina tunanin wane layi ne ya fi tsawo. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai. Haka nan ba ta nuna cewa a haruffa da yawa wani sashe ne yake ɗauke da sautin, kamar yadda 青 yake ba 晴 da 清 da 精 karatun sei, ilimin da zai rage wa ɗalibi labarai masu yawa da ba ya bukata. Kalmomi irin 今日 da 大人, waɗanda karatunsu ba ya bin na haruffansu, su kuma haddar ka kawai aka bar mu da ita.

Dabarar kanta ina tare da ita, kuma da ita nake shirin jarrabawar JLPT, wato ta gwajin ƙwarewa a Japananci, ta watan Disamba. Labaran da na iya tunowa na mayar da su cikin littafin rubutu, kowane harafi da hannuna, sababbin ma can nake fara sa su. Kuɗin shekara mai zuwa kuwa ba zan biya ba sai ranar da suka ba mutum damar sauke abin da ya rubuta.