ELM327: 'yar na'urar gwajin mota ta waya, abin da take iyawa da inda take tsayawa

Ga mai farfaɗo da tsohuwar mota a gida, ko Corolla ce ta 2004 ko Accord ɗin nan da ake kira EOD, babu kayan aiki mai araha da ya kai ELM327 amfani. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Ana cusa ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai ƙwaƙwalwar motar ta fara faɗin abin da take gani. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake biya duk lokacin da aka kai mota a sa ta a kwamfuta. Sai dai jabunta ya cika kasuwa, kuma yawancin masu sayenta maɓallin goge lambobin laifin da motar ta ajiye kawai suka sani, wanda shi ne mafi ƙarancin amfani a cikinta.

Kafin a saya, a fara tabbatar da cewa motar tana jin yaren. Tsarin OBD2, wato yaren bai ɗaya da ƙwaƙwalwar mota ke magana da na'urar gwaji da shi, ya zama dole ga motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Don haka motar da ta shigo daga Amurka, Camry ce ko Civic ko Sienna, kusan kullum tana amsawa. Matsalar tana ga 'yan Beljiyam na kafin 2001. Golf 3 da tsofaffin Peugeot 406 kan zo da soket mai rami 16 daidai da na OBD2, a cusa na'urar fitilarta ta kama, amma ko kalma ɗaya ba za ta fito ba, domin yaren kamfaninsu suke yi. Volkswagen na son na'urar gwaji ta VCDS, Peugeot na son ta Lexia. Ita kuwa 504 mai kafireto ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya.

Sai batun jabu. Asalin guntun ELM327, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar, wani kamfani ne a Kanada, Elm Electronics, ya ƙera shi, ya kuma rufe a 2022. Kusan duk wadda za a samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko a intanet kwaikwayo ce daga Sin, amma kwaikwayon ma hawa-hawa ne. Masu rubutun v1.5 da ke ɗauke da guntun PIC18F25K80 su ne suka fi aiki da tsofaffin motoci, duk da cewa kamfanin asali bai taɓa fitar da v1.5 ba. Ƙananan shuɗayen nan masu rubutun v2.1 su ne suka fi ba da ciwon kai: sukan yi magana da sababbin motoci masu tsarin sadarwa na CAN, amma su gaza a kan tsohon tsarin da ake kira layin K, wanda yawancin motocin Japan na farkon shekarun 2000 suke amfani da shi. Rubutun kwali ba shaida ba ne. Akwai manhaja mai suna ELM327 Identifier da ke aika wa na'urar umarni ɗaya bayan ɗaya ta nuna waɗanda ta amsa. Mafi sauƙi kuma shi ne a je shagon da motar, a gwada a gaban mai kaya kafin a miƙa kuɗi.

Haɗawa ba wuya. A cusa ta, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, a haɗa Bluetooth da lambar 1234 ko 0000, a buɗe manhajar Torque ko Car Scanner a waya. Mai iPhone ya nemi ta Wi-Fi ko mai Bluetooth 4.0, don ta gama-gari ba ta haɗuwa da ita. Idan fitilar na'urar ba ta kama ba sam, kada a yi saurin zarginta. Rami na 16 a soket ɗin shi ke kawo wuta daga batir, kuma yana da fis. A Corolla an rubuta masa OBD, mai amfiya 7.5, a wasu motocin kuma yana tare da na abin kunna sigari.

Inda na'urar ke biyan kuɗinta shi ne karatun injin yana aiki, kuma a cikinsa babu kamar STFT da LTFT. Waɗannan biyun suna nuna kashi nawa cikin ɗari na mai ƙwaƙwalwar ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita shi da iska. Lafiyayyen injin yana yawo tsakanin ragin 5 da ƙarin 5. Idan jimillar biyun ta haura 10, akwai magana, ko da wutar cek ba ta kama ba tukuna.

A ɗauki injin 1ZZ-FE mai lita 1.8 na Corolla daga 2003 zuwa 2008, wanda ya yi suna da lambar P0171, wato iska ta fi mai yawa. Wani zai ce famfon mai, wani ya ce nozul, wani ya ce a canza sensar salansa, kuma da yawa sukan saye su duka. Ga yadda ake rarrabewa ba tare da sayen komai ba. A bar injin ya yi zafi, a karanta jimillar STFT da LTFT a sulo, sannan a taka totur zuwa 2,500 a riƙe na rabin minti a sake karantawa. Idan a sulo tana 18 ko 20 amma ta sauko kusa da sifili da aka taka, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Dalili kuwa, a sulo iskar da injin ke ja kaɗan ce, don haka ƙaramar ɓula tana da tasiri, amma da an buɗe totur sai ta ɓace a cikin yawan iskar. A wannan injin wanda aka fi kamawa da laifi shi ne gaskit ɗin manifol na shigar iska, wanda kan bushe ya ƙanƙance, ya fi yoyo da sanyin safiya. Wanda aka inganta mai ruwan lemo ne, shi za a nema. Kafin a kwance, a fesa ɗan maganin wanke kafireto a gefen gaskit ɗin ana kallon STFT. Idan ta faɗi nan take, an sami wurin. A yi wannan kafin injin ya ɗau zafi sosai, nesa da salansa, domin abin yana kamawa da wuta.

Idan kuma akasin haka ne, wato a sulo lafiya amma lambar tana hawa yayin da ake taka totur, to mai ne ba ya isa ko kuma sensar auna iska, MAF, tana ƙarya. Ƙurar hunturu da matatar iska mai araha su ne manyan abokan gabarta. A injin 1.8 mai zafi, ba a kunna AC ba, ya kamata ta nuna kusan giram 2 a daƙiƙa. Sukurori biyu ne suka riƙe ta. A cire, a fesa maganin da aka yi dominta a kan siraran wayoyin da ke can ciki, kada a taɓa su da tsinke ko auduga, a bari ta bushe na minti 15. Idan bayan haka ba ta canza zani ba, a auna ƙarfin famfon mai da geji, wanda ya kamata ya ba da psi 44 zuwa 50. Wannan awon ELM327 ba ta iya yinsa a wannan motar.

Abu na biyu da ya kamata kowa ya kalla shi ne zafin ruwa. Allurar dashbod takan zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka sosai, amma na'urar tana ba da ainihin lamba. Tamostat ɗin 1ZZ-FE yana buɗewa a wajen digiri 82, fanka kuma ta tashi in an haura 90 da ɗoriya. A nan ake gane motar da aka yi wa aikin da ya zama ruwan dare a garejinmu, wato a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Irin wannan motar za a gan ta tana tafiya a digiri 60 ko 70 a kan babbar hanya, wani lokaci da lambar P0128 ko P0125. Ƙwaƙwalwar tana ɗauka injin bai gama ɗumi ba, sai ta riƙa ƙara mai, filogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke da fetur, ringi ya ci da wuri. Abin da ya sa ta yi zafi tun farko yana nan ba a taɓa shi ba, galibi lagireto ne da ruwan rijiya ya toshe, ko murfinsa da ya daina riƙe iska. Idan kuwa aka ga zafin ya nuna 40 ƙasa da sifili, ba sanyi ba ne, wayar sensar ce ta tsinke ko soket ɗinta ya fita.

Lambobin P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ke fashin wuta, lamba ta ƙarshe ita ce silindar, ana ƙirgawa daga ɓangaren fanbel. Kada a sayi kwayil tukuna. A kwance ƙusa mai lamba 10, a musanya kwayil ɗin da na maƙwabciyarta, a goge, a zaga. Idan P0302 ta koma P0303, kwayil ne. Idan ta tsaya, a musanya filogi, a duba tazarar bakinsa, milimita 1.1. In har yanzu tana nan, saura nozul ko matsin silinda. P0420 kuma a tsofaffin motocinmu sau da yawa tana nufin an riga an fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, an kwashe. Ana ganewa idan sensar da ke bayan indomin tana tsalle tsakanin bolt 0.1 da 0.9 maimakon ta zauna a wajen 0.6 zuwa 0.8.

Game da gogewa: tare da lambar laifi ƙwaƙwalwar takan ajiye hoton yanayin da laifin ya faru, gudun mota, zafin ruwa, juyin injin. Da an danna gogewa duk wannan ya tafi. A ɗauki hoton allon waya tukuna. Gogewar kuma tana barin sawu, domin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sukan koma matsayin ba a kammala ba har sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Mai zuwa sayen mota ya duba wannan shafin. In ya ga babu lamba ko ɗaya amma yawancin gwaje-gwajen ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire kan batir, sai ya tambayi dalili. Ya kuma lura ko wutar cek tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

Rauninta a bayyane yake. A yawancin tsofaffin motoci injin kawai take gani, da ɗan abin da ya shafi giya. ABS da jakar iska da tsarin makulli sun fi ƙarfinta, waɗannan sai irin su Launch CRP123 don ABS da jakar iska, ko manhajar Techstream da kebul ɗin Mini VCI ga mai Toyota. A kan layin K tana da nawa, in aka jera geji goma a allo sai kowanne ya riƙa motsi da ƙyar, don haka huɗu sun isa. Awon batir da take nunawa yakan kauce da ɗan kaɗan, a tabbatar da mita: 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin yana aiki. Wanda ba ya son wahalar haɗa waya zai fi jin daɗin mai allo a jiki kamar Autel AL319 ko Ancel AD310, wanda kuma yake son ta waya mai inganci ya ƙara kuɗi ya sayi OBDLink LX.

Sannan rami na 16 ba ya mutuwa ko an zare makulli. Masu arahar ba su iya barci ba, suna ta shan wuta dare da rana, kuma motar da ake gyarawa a gida takan yi mako biyu ba a tayar ba. A zare ta duk lokacin da aka gama, in ba haka ba za a wayi gari ana neman wanda zai tura.