Nokia 105 a shagon ɗinki: abin da na gani cikin wata uku

Ni tela ne, shekarata 14 a kan keke. A da idan na auna mutum, tsayi da kafaɗa da hannu da wuya, sai mun gama gaisawa ya tafi sannan nake rubutawa a littafi, kuma ban taɓa cakuɗa awon wani da na wani ba. Ana saura kwana goma ƙaramar salla na auna wani dattijo, babbar wayata ta yi ƙara, na ce bari in duba saƙo ɗaya, daga nan na zarce kallon bidiyo. Da na ɗago kai, tsayin rigar 58 ne ko 56, ya ɓace mini fat. Na yanka a 56. Shadda yadi biyar na biya, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya riƙe rigar ya ce, "Malam, da ba haka kake ba."

Bayan salla na shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na sayo Nokia 105, 'yar tocilan nan da kamfanin HMD ke yi.

Tana cin layi biyu. Akwai tocila, rediyon FM da wasan maciji, allon kuma bai kai faɗin yatsu uku ba. Caji ɗaya kan kai ni kwana biyar, wani lokacin har in manta inda na ajiye caja. Murya tana fita tar ko injin sufila na aiki a gefena. Kuɗi kuwa da lambar USSD ta banki nake turawa. Rubuta saƙo ne sai mai haƙuri: harafin s kaɗai sai ka danna 7 sau huɗu, don haka yanzu kira kawai nake yi, magana ta ƙare a minti ɗaya.

Satin farko na yi kuskure. Na zo shago da wayoyin biyu, na kife babbar kusa da almakashi. Ba abin da ya canja. Ina cikin ɗinki hannuna zai tafi wajenta, ba ta ma yi ƙara ba. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero (BUK) shi ya ba ni labarin binciken da Adrian Ward da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Texas da ke Austin, aka wallafa a 2017. Mutum kusan 800 aka ba aikin da ke bukatar tara hankali. Wasu wayarsu na kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban. Waɗanda tasu ke wani ɗakin su suka fi ƙoƙari, na kan tebur suka zo baya, alhali duk wayoyin a shiru suke. Bayanin masu binciken shi ne, ƙoƙarin da kake yi na kada ka taɓa ta, shi ma yana cin wani kaso na hankalinka. Wallahi kamar a shagona suka zauna suka rubuta.

Tun daga nan babbar a gida take kwana, a gida take wuni. Awo ya dawo zama a kaina. Lissafin yadi da kuɗin aiki da ka nake yi, kuma na haddace lambobin mutum bakwai ba da niyya ba, saboda yawan dannawa.

Inda ba za ta yi maka ba shi ne WhatsApp, babu shi sam. Masu kawo ɗinki da yawa hoton samfuri suke turowa, sai na koma gida bayan isha'i nake gani, har na rasa aikin wata Hajiya da ke son amsa nan take. Yanzu yaron shagona ke karɓar hotunan a tasa wayar, ya nuna mini, in duba wuyan rigar da aikin da ke gabanta, ya mayar aljihunsa, ni kuma in koma kan keke.