Katunan Kaka: Gwanjo ko Dillali?

A 2012, wasu dangi a garin Defiance na jihar Ohio, Amurka, suka tarar da katuna masu hotunan 'yan wasan ƙwallon besbol kusan 700 na wajen shekarar 1910 a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin rufin gidan kakansu. Hanya biyu ce a gabansu ta sayar da su: dillali ko gwanjo.

Dillali zai biya nan take, ba jira, amma da rahusa zai saya, domin shi ma riba yake nema.

Gwanjo kuwa sai da haƙuri. A tantance katin, a ba shi maki gwargwadon ingancinsa, kamfanin gwanjon ya cire kamashonsa. Sai dai a can masu saye ke ja da juna, farashi ya hau. Nan suka bi: katuna 37 kacal suka kawo sama da dala 500,000 a kamfanin gwanjo na Heritage Auctions. Ni dai, kati mai tsabta irin wannan, gwanjo zan kai.