Wata uku da TalkBack a wayar Kawu

Wata uku kenan da na kunna wa Kawu TalkBack, wato abin da ke karanta wa marar gani abin da ke kan waya, a wayarsa ta Android, tun da ciwon suga ya taɓa masa ido, to bari in faɗi abin da na gani. Na Google ne kuma kyauta ne, yana cikin setin wayar wajen Accessibility. Kana kunnawa waya ta koma mai magana, duk inda ka ɗora yatsa sai ta faɗa maka abin da ke wurin, ka shafa dama ta wuce na gaba, ka taɓa sau biyu ta buɗe, in za ka yi sama ko ƙasa kuma sai da yatsu biyu. Satin farko wallahi har ni sai da na rikice, amma yanzu Kawu da kansa yake kiran mutane ya saurari saƙon murya a WhatsApp, ba sai ya jira yara sun taso daga makaranta ba.

Inda ake cin karo da matsala ba laifin TalkBack ba ne, na masu gina shafuka ne. Akwai wani shafi da muke biyan kuɗi a kai, maɓallansa ba su da suna, waya ta yi ta cewa "button, button", Kawu ya ce "kai ɗan nan, wanne ne nawa a ciki?" Abin dariyar ni mai ido ma shafin nan wahalar da ni yake, rubutu toka-toka a kan fari, ka tsaya cikin rana ba abin da kake gani, maɓallai ƙanana ka nufi wannan wancan ya buɗe, in netwok ya yi ƙasa hotuna su ƙi fitowa kuma ba a sa rubutun da ke bayanin hoton ba, ka ga ni da Kawu jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ashe masana sun daɗe da lura da haka. A 2008 W3C, masu tsara ƙa'idojin intanet, suka fitar da ƙa'idar gina shafi don waya da kuma WCAG 2.0, ƙa'idar gina shafi don masu buƙata ta musamman, kuma sun nuna cewa da yawa daga cikin cikas ɗin da masu shiga ta waya da masu buƙata ta musamman ke fuskanta iri ɗaya ne. An yi bincike a kan wannan a Jami'ar Manchester da ke Ingila.

Ni dai tauraro 5 na ba TalkBack. In za ka kunna wa wani ku fara da darasin koyo da ke ciki, kuma don Allah ka saya masa iyafis, in ba haka ba duk wanda ke zaure sai ya ji saƙonninsa.